Littafi Ɗaya Ya Ishi Yara Huɗu: Shawara Ga Mutanen Zango

Duk wanda ya taɓa zama Zango, ko Yardaje, ko Rogogo, cikin watan Satumba, ya san takardar nan da yara kan komo da ita gida ran da aka buɗe makaranta. Jerin sunayen littattafai ne a cikinta, na lissafi, da na Turanci, da na kimiyya, da sauransu, waɗanda aka ce lalle yaro ya zo da su. Takardar kuwa takan iso a mugun lokaci. Rumbu ya yi ƙasa, kuɗin da ke hannu taki da ƙwadago sun cinye tun farkon damina, gero yanzu ya fara nuna, ba a kai ga cirar gyaɗa ko roron wake ba. Sai magidanci ya karɓi takarda, ya sa a karanta masa, ya yi shiru, sa'an nan ya ce wa yaro ya yi haƙuri sai kaka. Kafin kaka ta kankama an ci rabin zangon karatu, yaro yana zaune cikin aji yana leƙen littafin na kusa da shi.

To, wannan shi ne abin da muke so mu tattauna yau da malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma, watau magadan akawunan En'e na da. Maganarmu kuwa guda ce. Littafin makaranta, in an yi masa ɗinki mai kyau aka kuma kula da shi, yakan yi shekara huɗu yana aiki, amma yaro shekara ɗaya tak yake bukatarsa. Ashe uban da ya saya ya biya kuɗin shekara huɗu ne don amfanin shekara ɗaya. Da za a sami wanda zai sayi littafin ya riƙa ba da shi haya, da yara huɗu sun ci moriyarsa, kowane uba ya biya rabonsa kaɗai.

ABIN DA YA SA LITTAFI YA YI TSADA

Ruwa ba ya tsami banza. Nijeriya ta gina manyan masana'antun takarda guda uku, a Jebba da Oku Iboku da Iwopin, amma duk sun durƙushe, har ya zama mafi yawan takardar da masu ɗab'i ke aiki da ita daga ƙetare ake sayo ta, da tawada da kayan gyaran injuna. Abin da aka sayo daga ƙetare kuwa farashinsa yana bin darajar naira ne. Cikin 2023 Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, ta kuma saki naira kasuwa ta yi mata farashi, sai kuɗin takarda ya tashi, kuɗin mota ya tashi. Littafin da aka buga a Ibadan ko Ikko, aka ɗauko shi zuwa Kano, daga Kano zuwa Daura, daga Daura zuwa Zango, kowane zango da ya yada sai an ɗora masa wani abu. Saboda haka mutumin bakin iyaka shi ke biyan mafi tsada, ga shi kuwa ba shi ne mafi kuɗi ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta shigo, wadda ta ƙara wa iyaye nauyi. Ana buga littafi da filin rubuta amsa a cikinsa, yaro ya cika shi da biro, in shekara ta ƙare ƙanensa ba shi da abin da zai yi da shi. Waɗansu makarantu kuma kowace shekara sai su sauya littafi, na bara ya zama na ƙunshe ƙosai. Wannan kuka ya yi yawa a ƙasar nan, har cikin watan Agusta na 2025 Gwamnatin Jihar Imo ta hana makarantunta sauya littattafai shekara shekara, ta ce a riƙa yin shekara huɗu da littafi domin ƙanne su gaji na yayyensu. Waɗansu jihohi suka bi sawunta.

BA BAƘON ABU BA NE A ƘASAR HAUSA

Kada wani ya ce wannan dabara ce ta Turawa. Mutanen Zango sun san haya sarai. Wanda ba shi da shanun huɗa yakan yi hayar garma, wanda ba shi da amalanke yakan yi hayarta ran kwasar amfanin gona, mai biki yakan yi hayar kujeru da rumfa. Ba mu taɓa jin wanda ya sayi kujera ɗari don sunan ɗansa ba. Dalili kuwa shi ne, abin da bukatarsa ta ɗan lokaci ce, sayensa asara ne.

Ko ta wajen littafi ma, kakanninmu sun riga mu. A zamanin da ake kawo takarda a kan raƙuma daga Tarabulus, ana kuma rubuta kowane littafi da hannu, almajirin ilmi bai isa ya mallaki dukan abin da zai karanta ba. Littattafan malamai ba a ɗinke suke ba, warƙa warƙa ne cikin tadarishi, a sa cikin gafaka. Almajiri yakan ari 'yan warƙoƙi wurin malaminsa, ya kwafa, ya mayar, ya karɓi na gaba. Ta haka Ahalari da Ishmawi da Risala suka zaga zaurukan ƙasar Hausa. Allo ma shaida ne, gama allo ɗaya yakan kai yaro har sauka, ana wankewa ana sāke rubutu, daga bisani ya bar wa ƙanensa.

Da makarantun boko suka zo, a elemantare da midil na En'e, littafi na makaranta ne. A raba wa yara, su yi karatu, a karɓe, malam ya ƙidaya ya kulle a kabad, 'yan ajin baɗi su zo su tarar. Ta haka Magana Jari Ce ta Alhaji Abubakar Imam, wadda aka fara bugawa cikin 1937, ta ratsa hannun yara bayan yara a kwafi ɗaya. Cikin shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta Zariya ta buga ƙananan littattafai masu araha, En'e-En'e suna da ɗakunan karatu a manyan garuruwa, babban ɗakin karatu na Jihar Arewa da ke Kaduna kuma yana aika akwatunan littattafai, a karanta, a mayar, a kawo waɗansu.

Hayar littafi da kuɗi kuwa, wannan ma an yi ta a idon mutane da yawa da ke raye. Cikin shekarun 1990, sa'ad da littattafan hikaya na marubutan Kano suka cika kasuwa, ba kowace mai karatu ke saye ba. Akwai masu tebur da masu shago da matan cikin gida da ke tara littattafan suna ba da haya, a karanta kwana ɗaya ko biyu a mayar, a biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Babu hukumar da ta shirya musu wannan, babu kuma wanda ya ba su jari. To, in labarin soyayya ya iya zaga unguwa ta hanyar haya, me zai hana littafin lissafi?

YADDA WAƊANSU ƘASASHE SUKA YI

A ƙasar Lesoto, can kudancin Afirka, an kafa tsarin hayar littattafan firamare cikin 1983 da taimakon Bankin Duniya. Iyaye su biya ɗan kuɗi kowace shekara, a zuba cikin asusu guda, in littattafai sun tsufa a ɗebi kuɗin a sayo sababbi. Tsarin ya daɗe yana aiki, har ƙasar ta fara ba da ilmin firamare kyauta cikin shekara ta 2000. Ƙasar Armeniya kuma, bayan rushewar Tarayyar Sobiyat ta bar makarantunta ba littafi, ta kafa irin wannan asusu cikin 1997, aka yanke wa littafi shekara huɗu, aka kuma riƙa rubuta kuɗin kowace makaranta da sunanta, don kada wadda ta tara ta ga an yi wa wadda ba ta tara ba sayayya da guminta.

A Amurka 'yan kasuwa ne suka ɗauki abin. Kamfanin Chegg ya fara ba ɗaliban jami'a hayar littattafai ta gidan waya cikin 2007, kamfanin Amazon ya shiga cikin 2012, ya kuma daina cikin 2023. A tsakanin nan masu ɗab'i na can sun karkata ga littafin da ake karantawa a kwamfuta, mai lambar shiga wadda ɗalibi ɗaya kaɗai zai yi aiki da ita, ta mutu a ƙarshen zangon karatu. Darasin da ke ciki a fili yake. Haya tana rayuwa ne muddin littafi yana iya wucewa daga hannu zuwa hannu. Ran da aka yi shi yadda mutum ɗaya kaɗai zai mora, ko da lambar shiga ko da filin rubuta amsa, haya ta mutu.

GA LISSAFI

Bari mu buga misali, kowane malami ya sa farashin da ya tarar a kasuwa a madadin namu. A ce littafi ɗaya naira 4,500 ne, yaron aji ɗaya na babbar sakandare kuma yana bukatar guda 8. In uba zai saya, naira 36,000 ke nan. In kuwa aka yanka haya a kan sulusin farashi, watau naira 1,500 kowane littafi a shekara, naira 12,000 zai biya. Naira 24,000 ta tsira a aljihunsa. Mai yara uku a sakandare sai ya ninka wannan sau uku, ya ga ko ba ta kai kuɗin taki ba.

Yanzu mu juya ta wajen asusu. Aji mai yara 50, littafin fanni ɗaya zai ci naira 225,000. Haya za ta kawo naira 75,000 a shekara. Cikin shekara uku jari ya komo, shekara ta huɗu kuma ta kawo rarar naira 75,000. Wani zai tambaya, tun da littafi shekara huɗu zai yi, don me ba za a yanka rubu'i ba? Amsa ita ce, rarar nan ba riba ba ce. Da ita za a maye waɗanda suka ɓace, a ɗinke waɗanda suka yage, a ɗauke wa marayu da 'ya'yan gajiyayyu, a kuma cike giɓin tashin farashi. Asusun da ya yanka rubu'i cif, ran da zai sāke sayayya zai tarar kuɗinsa bai kai ba.

Akwai sharaɗi biyu da ke tafiya da wannan lissafi. Na farko, sulusin nan na farashin bana ne, ba na shekarar da aka saya ba, saboda haka kowace shekara a sāke tambayar kasuwa. Na biyu, kada a bar kuɗi ya kwanta. Wanda ya ajiye naira cikin 2022 yana jiran 2026 ya sayi littafi ya ga abin da ya same ta. Abin da aka tara bana a mai da shi littafi bana: a sayi na wani aji, ko na wani fanni, har sannu a hankali makaranta ta cika. Dukiyar asusu ta zauna cikin kabad a kamannin littafi, ta fi aminci daga faɗuwar naira, ta kuma fi aminci daga hannun mutane.

BA KOWANE LITTAFI KE SHIGA HAYA BA

Gaskiya ta sa mu faɗi inda haya ba ta da amfani. Akwai littattafan kimiyya da yawa da ake haɗa karatun shekara uku cikin kundi ɗaya. Wanda ya yi hayar irin wannan shekara uku a kan sulusi ya biya farashinsa duka, ga shi kuma ba nasa ba. Irin wannan, mai hali ya saya, marar hali kuma a yanka masa haya mai sauƙi, tun da a hannu ɗaya zai zauna. Haka ƙamus, da duk littafin da mutum zai riƙa komawa gare shi har girmansa, saye ya fi. Littafin aiki da ake rubutu a ciki kuwa ba shi da wurin zama a asusu ko kaɗan. Malam ya sa yara su riƙa yin aikin cikin littafin rubutunsu.

Wanda ya fi cancanta shi ne littafin da kowane aji ke da nasa kundi, irin na lissafi da na Turanci, da kuma littattafan adabi da hukumomin jarrabawa ke zaɓa. Hukumar WAEC takan tsayar da littattafan adabinta na shekara biyar biyar, saboda haka wanda ya saya a farkon wa'adi ya san zai ci moriyarsu har ƙarshe, wanda kuwa ya saya a shekarar ƙarshe ya yi asara. Haka kuma a lura da manhaja. Cikin 2025 Gwamnatin Tarayya ta fito da sabuwar manhaja wadda ta rage yawan fannoni ta kuma sauya waɗansu. Kafin a kashe ko kwabo, a tabbata littafin ya dace da manhajar da ake koyarwa, kuma yana cikin waɗanda Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Katsina ta amince da su.

Sa'an nan a guji na jabu. Kasuwa cike take da littattafan da ɓarayin ɗab'i suka buga a takarda marar kauri, aka manna da gam, farashinsu da sauƙi, amma kafin zangon karatu na biyu shafuka sun fara zuba. Ban da haƙƙin marubuci da ke kan mai saye, araha ce wadda ba ta ado. Asusun haya kuwa, tun da da yawa zai saya, yana iya zuwa kai tsaye wurin wakilin kamfanin ɗab'i a Kano ko Zariya, ya sami na ainihi, ya kuma nemi rangwamen sari, abin da uba ɗaya mai sayen kwafi ɗaya ba zai samu ba.

ABIN DA DOKA DA SHARI'A SUKA CE

A nan sai malamai su yi hattara. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004, wadda aka fi sani da UBE, ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare a makarantun Gwamnati kyauta ne, ta lissafa littattafai cikin abubuwan da za a bayar kyauta, ta kuma sa hukunci a kan wanda ya karɓi kuɗi. Saboda haka a waɗannan azuzuwa babu maganar haya, sai aro. Littattafan da hukuma ta aiko a rubuta su, a ba yara, a karɓa a ƙarshen shekara. Abin da muke roƙo a nan shi ne kada tsoron ɓacewa ya sa a kulle su a sito har gara ta riga yara karantawa. Littafin da ya tsufa a hannun yaro ya yi aikinsa. Maganar haya ta shafi babbar sakandare ne, da makarantun al'umma da na kuɗi, da ɗalibanmu da ke manyan makarantu na Daura da Katsina da Dutsin-Ma. Ko a nan ma a nemi iznin ofishin ilmi tukuna, kuma kada a tilasta wa kowa. Mai son saya wa ɗansa ya saya.

Ta wajen shari'a kuma, malamanmu na Malikiyya sun bambanta aro da haya, kamar yadda ya zo cikin Risala. Wanda ya ari abin da ake iya ɓoyewa, in ya ɓace a hannunsa, shi ke da lamuni. Amma wanda ya yi hayar kaya, amintacce ne, ba a ɗora masa biya in abin ya halaka, sai in ƙaryarsa ta bayyana ko ya yi sakaci. Wannan ya ƙara nuna dalilin rarar da muka ambata, gama ba duk littafin da ya salwanta za a ce uba ya biya ba. In ɗaki ya faɗi da damina ya danne jakar yaro, asusu ne zai ɗauka. In kuwa yaro ya yaga shafi ya yi jirgi da shi, wannan sakaci ne. Ya kamata tun ran farko a zauna da limami ko wani malami na gari, a rubuta waɗannan sharuɗɗa, a karanta wa iyaye. Tun ran gini, ran zane.

INDA GIZO KE SAƘAR

Mun san abin da mai karatu ke faɗi a ransa, domin mu ma mun faɗa. An sha tara kuɗi a garuruwanmu da sunan ƙungiya, ko gyaran rijiya, ko sayen taki, daga baya a nemi kuɗi a rasa, a nemi mai ajiya a tarar ya yi nisa. Irin wannan asusu ba rashin jari ke kashe shi ba, ba kuma gara ba. Abin da ke kashe shi shi ne ran da iyaye suka biya haya shekara uku, littattafai suka tsufa, aka ce a sayo sababbi, aka buɗe akwati ba kome. Daga ranar ba wanda zai sāke ba da ko sisi, kuma duk wanda ya zo da shawara irin wannan bayan shekara goma, da wannan labari za a tarye shi.

Maganin abin ba sabo ba ne, shi ne wanda akawunan baitulmali suka sani tun zamanin En'e. Mai karɓar kuɗi daban, mai ajiyar littattafai daban, mai bincike daban. Kowane kwabo da rasit. Kuɗi ya shiga banki da sunan asusu, kada ya fita sai da sa hannun mutum uku: shugaban makaranta, da wakilin iyaye, da wani dattijo da gari ya yarda da shi. Kada a ranta wa kowa daga ciki, ko da shugaban makaranta ne, ko da don gyaran rufin aji ne, gama rancen farko shi ke buɗe ƙofa. A ƙarshen kowace shekara a tara iyaye, a karanta musu da Hausa abin da ya shigo da abin da ya fita, a baje littattafan a tabarma su ƙidaya da idonsu, a kuma manna takardar lissafi a ƙofar ofis.

AIKIN MALAMI DA NA AKAWU

Ga yadda muke ganin za a fara. Kada a ɗauki makaranta duka a shekarar farko. A ɗauki aji ɗaya da fanni biyu, lissafi da Turanci, tun da su ne ƙofar kowace jarrabawa. Jari kuwa a neme shi wurin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, da 'yan asalin Zango da ke aiki a birane, da attajiran da ke son sadaka mai gudana, gama wakafin littafi abu ne sananne a Musulunci. Yaran da suka gama makaranta kuma a roƙe su su bar littattafansu, ko a saya a hannunsu da rabin kuɗi.

Kowane littafi a buga masa hatimin makaranta a bango da wani shafi na ciki, a ba shi lamba. A buɗe rajista mai nuna lambar littafi, da sunan yaro, da unguwarsu, da halin da littafin ke ciki ran bayarwa, da halin da ya komo. Uba ko wakilinsa ya sa hannu ko ya dangwala. Ran rabo a sa yara su yi wa littattafai riga da takardar buhun siminti ko leda mai kauri, a kuma koya musu su riƙa sa su cikin leda da damina. Kabad a ɗaga shi daga ƙasa, a janye shi daga bango, a riƙa dubawa saboda gara da ɓera. Lokacin babban hutu a kai waɗanda suka kwance wurin baduku ko mai ɗinkin takalma, ya bi su da zare; wannan ɗan kuɗi yakan ƙara wa littafi shekara guda.

Sa'an nan abu mafi muhimmanci ga ƙasarmu ta manoma: a ba yaro littafi ran da aka buɗe makaranta, a jinkirta karɓar haya sai kaka, bayan an kai wake da gyaɗa da riɗi kasuwa. Mai shago a birni ba zai yi wa baƙo wannan ba, amma makaranta ta san gidan kowane yaro, mai unguwa kuma ya san kowane uba. Wannan kaɗai ya isa ya fid da yaro daga zaman rabin zangon karatu ba littafi.

Malamai kuma akwai nasu alkawari. In an tsayar da littafi, a riƙe shi shekara huɗu, ko da an sauya malamin fanni, ko da wakilin wani kamfani ya zo da daɗin baki da ɗan alheri. Ma'aikatan sashen ilmi na ƙaramar hukuma kuwa su ne za su taimaka da tsara rajista, su zo bincike sau ɗaya a shekara, su kuma haɗa makarantun Zango da na Baure da Sandamu da Mai'aduwa su yi sayayya tare, don rangwame ya ƙaru, kuɗin mota ya ragu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Waɗansu za su kawo mana karin maganar nan da ke cewa kayan aro ba ya rufe katara. Gaskiya ne, kuma muna fatan ranar da kowane gida a ƙasar Daura zai sami kabad cike da littattafan kansa. Amma abin da ake nema cikin littafin makaranta karatun ne, wanda kuwa ya shiga kan yaro ba mai karɓe shi a ƙarshen shekara. Takardar ce kaɗai za ta koma kabad, ta jira ƙanensa.

Muna roƙon shugabannin makarantu da ke karanta wannan su kawo maganar a taron iyaye da malamai mai zuwa, su buga lissafin a allo da farashin garinsu, su bar iyaye su yanke. Wanda ya gwada kuma ya rubuto mana yadda ta kaya, da daɗi da rashinsa, domin waɗansu su ƙaru. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya sa wa karatun 'ya'yanmu albarka, amin.